Deolinda Lopes Vieira

Deolinda Lopes Vieira (1888–1993) malamar firamare ce 'yar ƙasar Fotugal, wadda ta yi fafutukar kare haƙƙin mata da na ma'aikata. An haife ta a garin Beja da ke kudancin ƙasar a 1888, ta yi karatun koyarwa a Lisbon, kuma a can ta rasu a 1993 tana da shekara 104.

Galibin gwagwarmayarta a cikin aji ta yi ta. Ta koyar a Escola Oficina mai lamba 1, wata makaranta a Lisbon da aka buɗe a 1905 domin 'ya'yan talakawa da leburori. A wannan makaranta ba a dukan yaro, kuma karatun littafi na tafiya tare da aikin hannu irin su kafinta, abin da ba a saba gani ba a Fotugal ta wancan zamani, inda yawancin jama'a ba su iya karatu ba. Ra'ayinta shi ne ɗan lebura da ɗan attajiri, mace da namiji, su zauna a makaranta ɗaya su sami ilimi iri ɗaya.

Mijinta, António Pinto Quartim, ɗan jarida ne daga cikin masu aƙidar ƙin mulkin hukuma, waɗanda ke da ƙarfi a ƙungiyoyin ƙwadago a lokacin. Da gwamnati ta kore shi zuwa Brazil a 1913, ita ma ta bi shi, suka dawo a 1915. 'Yarsu Glicínia Quartin ta shahara a wasan kwaikwayo.

Deolinda ta shiga Majalisar Matan Fotugal, wadda likita Adelaide Cabete ta kafa a 1914. A babban taron mata na farko da majalisar ta shirya a Lisbon a 1924, jawabinta ya karkata ne ga ilimin yara masu larurar ƙwaƙwalwa, waɗanda ba kowa ke tunawa da su ba. A taro na biyu, a 1928, ta kare tsarin makaranta ɗaya ga kowa. Sai dai kafin nan sojoji sun riga sun karɓe mulki tun 1926, kuma gwamnatin kama-karya ta Firaminista Salazar ta rufe majalisar a 1947.