Ƙaramin Samfurin Tankar Mark IV

Ƙaramin samfurin tankar Mark IV kwaikwayo ne na tankar yaƙin Birtaniya ta 1917, wanda ake sayarwa gutsure-gutsure na roba cikin kwali, mai sha'awa ya haɗa da hannunsa ya yi masa fenti. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1:35, wato kowace santimita ɗaya ta samfurin tana a madadin santimita 35. Tsawon ainihin tankar ya kai mita 8, don haka samfurin kan tsaya a wajen santimita 23. Kamfanonin Tamiya da Takom sun fitar da nasu a 2014, shekarar cika ɗari da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya.

An ƙera Mark IV guda 1,220. Turawa sun raba tankokin da ke shiga faɗa gida biyu: "namiji" mai igwa biyu, ɗaya a kowane gefe, da "mace" mai bindigogi masu sarrafa kansu kaɗai. Sojoji takwas ke cikinta, gudunta kuwa bai wuce kilomita 6 a awa ba, mai sauri a ƙasa ma zai iya jerawa da ita. Babban yaƙinta shi ne na Cambrai a Faransa, ranar 20 ga Nuwamba 1917, inda aka ɗora wa tankokin manyan dammunan itace a ka domin su jefa cikin ramukan Jamusawa su haye. Masu haɗawa da yawa kan ɗaure nasu damin da busassun tsinkaye ko tsintsiya.

Haɗin gangar jikin bai da wuya, faranti ne shimfiɗaɗɗu. Abin kiyayewa shi ne kawunan ƙusa da suka cika jikin kamar ƙuraje. Gam ɗin roba narkar da ita yake yi, in ya zarce sai ya cinye su, haka ma goga samfefa da ƙarfi a bakin haɗi. Sarƙar tafiya ce ke cin lokaci, domin ta zagaye jikin baki ɗaya, ba inda aibi zai ɓuya, kuma sau da yawa ɗai-ɗai ake jera farantanta da hantsaki. A sama akwai dogo biyu da gungumen katako, wanda ake ɗaura wa sarƙar tafiya in tanka ta kafe, don ta fita.

Fenti ne wurin gardama. Tankokin Mark I da suka fara fita a yaƙin Somme a Faransa ranar 15 ga Satumba 1916 an yi musu zanen ɓad-da-kama mai launuka, aikin mai zane Solomon J. Solomon, amma taɓo ya rufe shi, aka daina wahala. Mark IV launin ƙasa ɗaya aka shafa mata. Hotunan zamanin baƙi da fari ne, shi ya sa har yau ake ja-in-ja kan ainihin duhunsa, wasu na karkata ga ruwan ƙasa, wasu ga mai ɗan kore. Ratsin fari-ja-fari a goshi sai a 1918 ya zo, don a bambanta su da waɗanda Jamus ta kama tana yaƙi da su. Saka shi a tankar Cambrai kuskure ne.

Bayan fenti sai tsufantarwa. Ana tsarma baƙin fenti da ruwa sosai ya gangara gindin ƙusoshi, a shafa launin tsatsa a salansar da ke rufi, a goga bakin fensir a tudun sarƙa ta yi ƙyallin ƙarfe. Taɓon kuwa garin launi ne da filasta da gam, ana danƙara shi a ƙasa, a rage yayin da ake hawa sama. Mai neman abin dubawa yakan nufi gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, ko ƙauyen Flesquières kusa da Cambrai, inda aka ajiye Deborah, Mark IV "mace" da aka tono daga ƙasa a 1998.