Idan ka tono tsohon zinare a gonar wani a Ingila, na wa ne?

Mu nan idan aka ce na'urar gano ƙarfe abin da ke zuwa mana a rai shi ne 'yan haƙar zinare, irin waɗanda suka kwarara Djado a arewacin Nijar tun 2014, kowa da injinsa a kafaɗa yana neman abin rufin asiri. A Ingila kuwa abin sha'awa ne kawai, za ka ga dattijo ranar Lahadi ya sa takalmin roba da abin ji a kunne yana ta zagaye gonar da aka gama girbi, yana shara faifan injin a ƙasa hagu da dama, da ya ji ƙara sai ya durƙusa ya kafa ɗan shebur, kuma yawanci abin da yake tonowa bai wuce murfin kwalba ko tsohuwar ƙusa ba. Amma wata rana sai a dace, to a nan doka take shigowa.

Dokar ita ce dokar taska ta 1996, ta fara aiki a Satumban 1997 a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. Kafin ma a zo kanta, kowace ƙasa da mai ita, ba ka shiga gonar mutum da inji sai da izininsa, wuraren tarihi da gwamnati ta killace kuwa laifi ne ka kunna inji a ciki ba tare da takardar izini ba.

To mene ne taska a idon doka? Duk abin da ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 na nauyinsa zinare ne ko azurfa, zobe ne ko munduwa ko kan takobi. Sulalla kuma lissafinsu daban ne, idan na zinare ko azurfa ne sai sun kai biyu daga wuri ɗaya, idan na tagulla ne sai sun kai goma, wato kwandala ɗaya tal ko da ta zinare ce a bisa wannan ma'aunin ba taska ba ce, tsakaninka ne da mai gona.

Idan abin da ka tono ya shiga wannan layin kana da kwana 14 ka kai rahoto ga jami'in da suke kira korona, ba cutar ba fa, wani jami'in shari'a ne mai binciken mutuwar da ba a gane musabbabinta ba, shi aka ɗora wa wannan aikin tun zamanin da. A aikace dai mutane sukan kai wa jami'in kayan tsintuwa na yankinsu ne shi ya haɗa su da koronan. Ka yi shiru kuma, ɗaurin har wata uku ne ko biyan tara ko duka biyun.

Abin da ya burge ni shi ne ba ƙwacewa ake yi a ce maka an gode ba. Eh kayan sun zama na masarautar Birtaniya, amma idan wani gidan tarihi yana so sai kwamitin masana ya zauna ya yi musu kuɗi daidai da farashin kasuwa, gidan tarihin ya nemo kuɗin ya biya, a raba biyu, rabi na mai tsintuwa rabi na mai gona. Idan babu gidan tarihin da ke so sai a maido muku da abinku. A Yulin 2009 wani mutum Terry Herbert ya tono tarin kayan yaƙi na zamanin Anglo-Saxon, wato mutanen da suka mulki Ingila sama da shekara dubu da suka wuce, a wata gona a yankin Staffordshire, zinaren ciki kaɗai ya kai wajen kilo 5, aka yi musu kuɗi fam miliyan 3.285, gidajen tarihi na Birmingham da Stoke suka haɗu suka saya, shi da manomin suka raba.

Sai kuma wasu mutum biyu da suka tono taskar zamanin Viking, wato mayaƙan teku na da daga arewacin Turai, kusa da garin Leominster a 2015, ba su da izinin mai ƙasar, suka ɓoye suka riƙa sayar da sulallan a bayan fage, ana kyautata zaton sulallan sun kai 300 amma kaɗan aka iya ganowa. Nan fa ba maganar wata uku ake ba, da sata aka tuhume su, a 2019 kotu ta ɗaure ɗaya shekara 10 ɗayan shekara 8 da rabi, ko da yake an rage musu da suka ɗaukaka ƙara. Da sun kai rahoto da wataƙila sun ga wani abu, ga shi ba tsuntsu ba tarko.

Dokar tana da ɓaraka babba da aka daɗe ana ƙorafi a kai, tunda zinare da azurfa kawai ta fi kallo. A 2010 aka tono wani kwalkwalin sojan Rum mai fuskar mutum a ƙauyen Crosby Garrett da ke arewacin Ingila, abu mai ban mamaki, amma da yake na tagulla ne kuma shi kaɗai ne bai shiga taska ba, aka kai shi gwanjo wani mai kuɗi ya saye shi kusan fam miliyan 2.3, gidan tarihin Carlisle da ya yi ta tara gudummawa yana ji yana gani. Sai a Yulin 2023 aka toshe wannan, yanzu duk abin ƙarfe da ya haura shekara 200 kuma yake da muhimmanci na musamman ga tarihi ana iya ayyana shi a matsayin taska ko da babu ɗigon zinare a jikinsa.

Scotland kam ba ruwanta da duk wannan lissafin, a can komai na tarihi ka tsinta sai ka kai rahoto, ko na ƙarfe ne ko na dutse. Ɗanyen zinare kuma, irin curin da ruwa ke wankowa a rafi, ba ya cikin dokar taska sam saboda ba hannun mutum ya ƙera shi ba, a yawancin Birtaniya zinare da azurfar da ke cikin ƙasa na masarauta ne tun asali, ko a bayan gidanka ka same shi.