Ku Ajiye Bokitin Fentin Nan, Ku Duba Inda Ruwa Yake Bi

Tun saukar damina nake zagaya gidaje, kuma abu ɗaya nake ta tararwa har ya fara isata. An shimfiɗa wa tsakar gida ko lambu falalen siminti ko intalok tsaf, katanga ta sha filasta da fenti, amma daga gindinta zuwa wajen gwiwar mutum ta yi dabbare-dabbare. Nan baƙi, can kore shar da gansakuka, gaba kaɗan kuma fari fat kamar an watsa gishiri. In na tambayi maigida me ya yi a kai, amsar ba ta canzawa: "Ai ko bara sai da na sa aka sake fenti."

To Malam, bana ma za ka sake, baɗi ma haka. Fenti ba ya hana ruwa gangarowa. Na faɗa na sake faɗa, amma da tabo ya fito sai a ruga a kira mai fenti, a rufe, a ce an gyara. Ba a gyara komai ba, ɓoye ciwo aka yi da riga.

Ku yi lissafin da kanku. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Fili mai mita 5 da mita 4, in aka yi ruwan milimita 25, ya karɓi lita 500, wato jarka mai lita 25 har guda 20. Da can ƙasa ke shanye mafi yawansa. Yanzu kun rufe ta da siminti, dole ya nemi hanya. In shimfiɗar ta karkata wajen katanga, can zai je ya kwanta, da ƙura da laka da duk dattin da ya kwaso. Filasta kuwa tsotso take yi kamar lagwanin fitila, ta ja danshin sama. Farin nan da kuke gani daga jikin simintin yake fitowa, ruwa ya narkar da shi, ya bushe ya bar shi a fuska. Koren kuma shaida ce cewa wurin ba ya bushewa.

Kwanan baya wani dattijo ya rantse mini cewa birkilansa ya ba da gangara yadda ya kamata. Ban yi masa musu ba. Na ce a kawo bokiti ɗaya, na juye a tsakiyar fili. Muna tsaye ruwan ya miƙe sak ya nufi lungun katanga ya kwanta, daidai inda fentin ya kumbura. Na ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa, sai ta amsa kamar fankon ashana, alamar ta rabu da bulo. Sau uku ya yi wa wurin nan fenti, kuma na ƙarshe mai maiƙo ne, wanda ya kulle danshin a ciki ya hana shi fita. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe kuɗina na yi ta binnewa." Ban ga laifinsa sosai ba, ba wanda ya taɓa nuna masa. Ku dai da kuka karanta wannan ba ku da sauran uzuri.

Kada ma a ɗauka maganar kwalliya ce kawai. Gansakuka tana da santsi, tsoho ko yaro na iya zamewa a kai, kuma ruwan da ya kwana ya wuni a lungu gidan sauro ne.

Ga abin yi, a gurguje:

- Shimfiɗa ta gangara ta bar katanga, kamar santimita 2 a kowace mita, ta nufi magudana. In ta riga ta karkace, a ɗaga layin da ke jikin katanga a sake shimfiɗa shi.
- Kada falale ya manne da katanga. A bar tazarar santimita 15 zuwa 30, a cika da tsakuwa. Tana shanye ruwa, tana kuma kashe fantsama.
- Filasta ta tsaya kamar santimita 15 sama da shimfiɗa, kada ta sauko ta taɓa ƙasa.
- A buɗe rariya, a kwashe ganye da yashi. Indararon da ke zuba a gindin katanga a sa masa bututu.
- Kan katanga ya sami hula mai ɗan fitowa, da ɗan tsagi a ƙarƙashin bakinta, don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jiki.

Tabon da ya riga ya zauna fa? Farin, a bari ya bushe a goge da buroshi mai tauri, ba a sa masa ruwa. Koren, a sirka bilic da ruwa, a sa safar hannu, a wanke a ɗauraye, a kula da shuke-shuken da ke kusa. Asid kuwa, don Allah ku bar shi, cin siminti yake yi, kuma haɗa shi da bilic na fitar da iska mai guba. Injin feshin ruwa mai ƙarfi shi ma ƙwaƙule filasta yake.

Sai an yi duk wannan, katanga ta sami makonni tana shan rana ta bushe har ciki, sannan a yi zancen fenti, shi ma irin wanda danshi ke iya ratsawa ya fita. Kafin nan, in na zo na tarar da mai fenti a gindin katanga, bokitin ruwa zan fara nema.