Waiwaye: Tsakanin Matuƙi da Bakanike, Wa Ke da Ikon Cewa Jirgi Ya Cancanci Tashi?

A farkon tarihin jirgin sama babu wata jayayya kan wanda zai yanke hukuncin lafiyar jirgi, domin wanda ya ƙera shi ne yake tuƙa shi. Wilbur da Orville Wright sun san kowace waya da kowane katako na jirgin da suka tashi da shi ranar 17 ga Disamba 1903, injinsa kuwa bakaniken shagonsu ne, Charles Taylor, ya haɗa shi da hannu cikin kimanin makonni shida. Matsalar ta kunno kai ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka fara ɗaukar fasinjoji da wasiƙu don kuɗi, aikin ya rabu gida biyu, ya zama mai tuƙi daban, mai gyara daban, kuma sau da yawa ba su ma san juna ba.

Yarjejeniyar Paris ta 1919 ta wajabta wa jirgin da zai ƙetare iyakar ƙasa ya riƙe takardar shaidar cancantar tashi tare da littattafan da ake rubuta tarihin tafiye-tafiyensa da na injinsa. A shekarar ce Birtaniya ta fara ba injiniyoyin da ke duba jirgi da gyara shi a ƙasa lasisi, Amurka kuma ta bi sahu da dokar sufurin sama ta 1926, wadda a ƙarƙashinta aka fara yi wa matuƙa da kanikawa lasisi, kowa da nasa. Daga nan sa hannun bakanike ya tashi daga alamar kammala aiki ya zama shaidar da doka ke iya kama mutum da ita. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta shimfiɗa wannan tsari ga duniya baki ɗaya.

Dokokin Amurka sun fi fito da rabon ikon fili, shi ya sa ake yawan kafa hujja da su. Sashe na 91.3 ya ce kyaftin ne ke da magana ta ƙarshe kan tafiyar da jirgi, sashe na 91.7 kuma ya ɗora masa alhakin tabbatar da cewa jirgin yana cikin halin da zai tashi lafiya, ya kuma umarce shi da katse tafiya idan wata matsala ta taso. Sai dai sashe na 91.403 ya ɗora nauyin kula da lafiyar jirgi a kan mai shi ko kamfanin da ke aiki da shi, yayin da sashe na 43.9 ya ce sa hannun bakanike izini ne na mayar da jirgi bakin aiki, amma a kan aikin da ya yi kaɗai. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne kowannensu yana iya hana jirgi tashi shi kaɗai, amma babu wanda zai iya tayar da shi shi kaɗai. Kyaftin ba shi da ikon share matsalar da aka rubuta, komai yawan shekarunsa a sama, haka nan bakanike ba zai tilasta wa kyaftin karɓar jirgin da hankalinsa bai kwanta da shi ba. Dokokin Tarayyar Turai ma sun bar wa kyaftin damar ƙin karɓar jirgi mai wata naƙasa ko da takardu sun halatta tafiya da ita.

A ganina, ainihin rigimar ba ta taɓa zama a kan wannan ƙa'ida ba, a kan littafin gyara take. Da zarar matuƙi ya rubuta matsala a ciki, jirgi ya tsaya ke nan har sai an gyara ko an ɗage gyaran bisa ƙa'ida, kuma tsayuwar jirgi asara ce ga kamfani. Don rage wannan asara aka ɓullo, tun shekarun 1960, da jerin kayan da jirgi zai iya tashi ba tare da su ba, wanda ake kira MEL, inda aka ƙayyade wa'adin gyara, wani kwana 3, wani kwana 10, wani har kwana 120. Jerin ya kawo sauƙi ƙwarai, amma ya buɗe sabon fagen saɓani, domin abubuwa uku da kowannensu ya halatta a ɗage suna iya haɗuwa su zama nauyin da ya fi ƙarfin matuƙi a daren da yanayi ya lalace, kuma takarda ba ta auna wannan.

Haɗurra da dama sun nuna yadda magana ke ɓacewa tsakanin ɓangarorin biyu. A Yulin 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montreal alhali duk ma'aunan mansa a mace suke, abin da jerin MEL bai yarda da shi ba, saboda kyaftin ya fahimci abin da aka rubuta da abin da aka faɗa masa a baibai, ya ɗauka an riga an amince da tafiya a haka. Aka kuma yi kuskuren lissafin mai tsakanin fam da kilo, man ya ƙare a sama, suka sauka a tsohon filin jirgin sama na garin Gimli a Kanada ba tare da rasa rai ba. A Maris na 1989 jirgin Air Ontario ya faɗi a garin Dryden na Kanada, mutum 24 suka mutu, binciken da Mai Shari'a Virgil Moshansky ya jagoranta kuma ya bankaɗo cewa wasu matuƙan kamfanin kan rubuta matsaloli a 'yan guntayen takardu su miƙa wa matuƙan da za su karɓi jirgin daga hannunsu, don kada shigar da su littafi ya tsayar da jirgi kafin ƙarshen yini. Wannan ɗabi'a, a faɗi gaskiya, ta fi kowace gardama haɗari, tunda ta hana bakanike sanin cewa akwai abin da zai duba.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. A Yunin 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fice a sama, iska ta fizgi kyaftin Tim Lancaster har rabin jikinsa ya fita waje, ko da yake ya rayu. Daga cikin kusoshi 90 da aka ɗaure gilashin da su, 84 ba su kai kaurin da ake buƙata ba, kuma wanda ya yi aikin shi ne ya sa wa kansa hannu. Babu zagayen dubawa da matuƙi zai yi ya gano irin wannan, don haka alhakin da doka ta ɗora masa ya dogara ne kacokan a kan amanar sa hannun wani.

Kanikawa kan yi ƙorafin cewa matuƙa na rubuta matsala a dunƙule, ba lokaci, ba tsayin da ake, ba abin da na'ura ta nuna, su kuma matuƙa babu abin da ke ƙona musu rai kamar amsar nan ta cewa an gwada a ƙasa ba a ga komai ba. Haɗarin jirgin Lion Air a Indonesiya na 29 ga Oktoba 2018, wanda ya ci rayuka 189, ya sake tayar da batun. Matuƙan da suka yi tafiyar da ta gabace shi sun rubuta saɓanin ma'aunan gudu da tsayi, amma ba su ambaci cewa sandar tuƙi ta yi ta girgiza ba, ko cewa sai da suka kashe na'urar da ke danna hancin jirgin ƙasa kafin su shawo kansa. Kanikawa suka duba abin da aka rubuta musu, suka sa hannu, washegari da safe kuma wasu matuƙan suka karɓi jirgin.