Waiwaye: yadda kwamfuta ta koyi gane rawar fiffiken jirgi

Bakaniken Maraɗi in ya ji sitiyari na rawa a hanyar Dan Isa, ya san inda zai fara dubawa. A yawancin manyan jiragen sama na zamani kuwa, hannun matuƙi ba ya jin irin wannan rawa, domin tun da A320 na Airbus ya fara jigila a 1988, sandar tuƙi a jirage irinsa ta daina jan igiyar ƙarfe. Umarni ta waya yake bi zuwa kwamfuta, ita kuma ta tura jak ɗin haidurolik mai motsa gefen fiffike ko jela.

Nan sabuwar cuta ta ɓullo. Wani ɗan ɓangaren lantarki, ko na'urar auna matsayin jak, in ya lalace sai ya riƙa fitar da sigina mai kai da komowa, jak ya bi shi da biyayya. Wani lokaci siginar ƙaryar kan hau kan ta gaskiya, wani lokaci ta maye gurbinta ɗungurungum. Abin tsoro shi ne kaɗawar da ba ta wuce sau 10 a sakan ba, don a nan take iya dacewa da lanƙwasar jikin jirgin, nauyin da ƙarfe ke ɗauka ya ninka.

Rawar da kwamfuta ba ta iya ganowa, maganinta ƙarfe ne: a ƙara kauri. Kauri kuma nauyi ne, nauyi kuma shan mai ne. Da aka zo kan A380, wanda ya fara tashi a 2005, sai aka sa wa kwamfuta lissafin yadda lafiyayyen jak ke motsi. Tana cire abin da lissafi ya ce daga abin da aka auna, ta tace saura gida-gida bisa saurin kaɗawa, sannan ta ƙirga sau nawa sauran ya tsallake iyakar da aka sa masa sama da ƙasa a jere. In ƙirgar ta cika, cikin 'yan zagaye kaɗan, a sallami jak ɗin, ɗan'uwansa na ajiya ya karɓi aiki.

Wahalar tana wajen sa iyakar. A matse ta, guguwar farkon damina irin tamu ta girgiza jirgi, kwamfuta ta kori jak mai lafiya. A sassauta, ƙaramar rawa ta ci ƙarfe shiru. Zafin man haidurolik da ƙarfin iska a kan fiffike ma suna karkatar da lissafin, shi ya sa binciken baya-bayan nan ya karkata ga tacewar da ke gyara kanta ana cikin tafiya.