Dokar da ta Hana Kwaikwayon Kukan Elk a Gandun Dajin Yellowstone

Elk wani babban nau'in barewa ne na Arewacin Amurka, wanda namijinsa kan haura kilo 300. Daga watan Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin barbara, namijin yakan yi wani dogon kuka mai kama da busar sarewa, domin ya tara mata kuma ya gargaɗi abokan hamayya. Maharba sun daɗe da gano wannan lago, don haka suke busa wani bututu mai fitar da irin kukan, kamar yadda maharbinmu ke ɗaura kan burtu don ya kusanci nama.

A gandun dajin Yellowstone na ƙasar Amurka, wanda aka kafa a 1872 kuma aka haramta farauta a cikinsa tun 1894, wannan busa laifi ce ko da mutum bai riƙe bindiga ba. Dokar tarayya ta hana tsokana ko firgita namun daji da gangan, musamman lokacin barbara ko kwanci, kuma hukumar gandun ta fayyace cewa kwaikwayon kukan elk da na kyarkeci suna cikin haramcin. Hukuncin na iya kaiwa tarar dala 5,000 ko ɗaurin wata 6.

Dalili na farko shi ne elk ɗin kansa. Namiji a wannan lokaci ba ya cin abinci sosai, kuma duk amsa kiran ƙarya da zai yi ƙarfi ne ya ɓarnatar alhali hunturu na tafe. Amma ba shi kaɗai ke da kunne a dajin ba. Kwaikwayon kukan ɗan elk yakan jawo beyar, wata babbar dabba mai farauta, kuma inda irin wannan dabba ta ratsa, kurege yakan bar tara 'ya'yan itacen da zai ci da sanyi ya hau reshe yana ta ƙarar gargaɗi, tsuntsaye kuma su watse. A ganina, nan ne dokar ta fi yin adalci, domin ta ce namun daji ne gaba ɗaya ba ta ware manya ba, shi ya sa kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa daga waya ma ya haramta.

A wajen gandun, inda jihohi ke ba da lasisin farauta, an yarda da busa ta baki. Sai dai jihohin Montana da Kolorado sun hana amfani da na'urar lantarki mai kunna kukan da aka naɗa wajen farautar elk.