Waiwaye: Yadda ƙungiyoyin ƙwadago suka samu bakin magana kan rage ma'aikata

Kora iri biyu ce. Akwai wadda mutum ke jawo wa kansa, akwai kuma wadda ke faɗo masa bai ji ba bai gani ba: kamfani ya yi garambawul, ko ya haɗe da wani, ko ya kawo injin da ke aikin mutum goma, sai a wayi gari an ce ba a buƙatar gurbinsa. A kan wannan ta biyun ƙungiyoyin ƙwadago suka daɗe suna fama, kuma a ganina babbar ribar da suka ci ita ce a zauna da su tun alƙalami bai bushe ba.

A da can, mai kamfani ba ya bin ma'aikaci bashin bayani. Albashin mako guda a hannu, sai ƙofa. Wani muhimmin sauyi ya zo a 1963, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO), wadda ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da shawararta mai lamba 119 kan sallamar ma'aikata. A 1965 Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta biyan kuɗin sallama gwargwadon shekarun mutum da daɗewarsa a aiki. Dokar ta share hawaye, amma ta kuma sauƙaƙa korar, tun da yanzu an san farashinta.

Ma'aikata da yawa ba su yarda a tsaya nan ba. A 1971, da gwamnatin Birtaniya ta Firaminista Edward Heath ta ƙi ceto kamfanin ƙera jiragen ruwa na Upper Clyde a Sikotlan, ma'aikatan ba su tafi yajin aiki ba. Ƙofofin suka karɓe, suka ci gaba da ƙera jiragen da ke hannunsu ƙarƙashin jagorancin wakilansu irin su Jimmy Reid, don duniya ta ga wurin yana da sauran rai. A 1972 gwamnati ta sauko ta zuba kuɗi. Sai dai irin wannan nasara ba kullum ake samunta ba. Masu haƙar kwal na Birtaniya sun shafe kusan shekara guda suna yajin aiki daga 1984 zuwa 1985 don hana rufe ramuka, suka koma aiki hannu rabbana, aka kuma rufe ramukan ɗaya bayan ɗaya.

Ana cikin haka doka ta riƙa kusantar da wakilan ma'aikata ga teburin shawara. Dokar Jamus ta 1972 ta ba majalisar ma'aikata ta cikin kamfani ikon tsayawa kai da fata sai an yi tsarin rage raɗaɗi ga waɗanda garambawul zai shafa. A 1975 ƙasashen kasuwar tarayyar Turai suka wajabta tuntuɓar wakilai kafin kora mai yawa. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta biyo baya a 1982, tana cewa a ba wakilai bayani da wuri, a kuma tattauna yadda za a kauce wa korar ko a rage ta, ko da yake ƙasashen da suka amince da ita har yau ba su kai 40 ba. Amurka kuwa a 1988 ta tsaya a kan sanarwar kwana 60 ga kamfanoni masu ma'aikata 100 zuwa sama.

Amfanin wannan zama ya fito fili a kamfanin motoci na Volkswagen na Jamus a ƙarshen 1993. Kamfanin ya ce mutum kusan 30,000 sun yi masa yawa. Ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall ta yarda a rage aikin mako daga awa 36 zuwa 28.8, albashi ya ragu, amma ba a kori mutanen ba. Kowa ya ji a aljihunsa, kowa kuma ya kwana da aikinsa. Suwidin ta bi wata hanya tun 1974, inda ƙungiyoyi da masu kamfanoni suka kafa asusun da kamfanoni ke zuba wa kuɗi, wanda ke haɗa ma'aikacin da aka sallama da mai ba shi shawara da horo har ya samu wani aikin.

Mafi yawan taimakon dai ba ya shiga jarida. Wakilin ƙungiya ne zaune kusa da mutumin da takardar sallama ke rawa a hannunsa, yana ce masa kada ya sa hannu yau, ya bari a karanta tukuna. Shi ne zai ƙirga shekarun aiki da kwanakin hutun da ba a biya ba, ya tambayi shugabanni da wane ma'auni aka zaɓi wannan aka bar wancan, ya duba ko mai ciki ko mai jinya aka fake da garambawul don a rabu da su, ya nemi a fara da masu son tafiya da kansu. Mutumin da labari ya gigita ba ya iya wannan lissafi shi kaɗai.

Abin da ke damuna shi ne yadda haƙƙin ke iya zaizayewa. A 2013 Birtaniya ta rage wa'adin tuntuɓa daga kwana 90 zuwa 45 idan korar ta kai mutum 100. Ran 17 ga Maris 2022 kuma kamfanin jiragen ruwa na P&O ya sallami ma'aikata kusan 800 ta saƙon bidiyo, ba tare da ya ce wa ƙungiyoyinsu uffan ba. Da 'yan majalisa suka titsiye shugaban kamfanin, Peter Hebblethwaite, sai ya amsa cewa doka ta wajabta musu tuntuɓa, da gangan suka ƙi, domin sun san babu ƙungiyar da za ta amince. Sun zaɓi su biya ma'aikatan diyya, suka cike guraben da 'yan kwantiragi masu ƙaramin albashi.